Laulayi Ba Ya Jiran Ranar Awo

Zuwa ga Mai Girma Jami'in da ke kula da ƙananan asibitocin karkara na wannan yanki namu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa da ban girma, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da duk ma'aikatan da ke ƙarƙashinka.

Ranka shi daɗe, ba ka san ni ba. Ni tsohon malamin firamare ne. Na yi kwalejin horon malamai tun zamanin da ake ba ɗalibi bargo da sabulu, kuma a kore shi in ya kasa rubuta wasiƙa mai kyau. Na koyar a ƙauyukan Bodinga da Shagari fiye da shekara talatin, har na riƙe makaranta. Yanzu gero nake nomawa da damina, da rani in lallaɓa 'yar albasa a fadama. Sau biyu ina rubuto maka takarda a rufe, na kai ofis da ƙafata, masinja ya karɓa ya ce za a duba. Har yau ana dubawa. Shi ya sa na buɗe wannan, kowa ya karanta.

Maganata a kan laulayin ciki ce. Ba ina nufin ɗan tashin zuciyar nan na safe da mata ke yi su wartsake ba. Ina nufin wanda mace za ta yi ta amai har ko ruwa ya ƙi zama a cikinta. Shi ya kusa raba ni da ɗiyata ta fari bara. Ta rasa cikin, ita Allah ya bar mana ita. Yanzu kuma ta sake samun wani, aman ya dawo, kuma babu abin da ya sauya a asibitinku tsakanin bara da bana in ban da fenti.

Na farko, ga abin da ya faru.

Ɗiyata tana aure a wajen Danchadi. Mijinta manomin albasa ne, yaron kirki, ba ni da abin faɗa a kansa. Daidai lokacin da aka cire albasa aka baza ta a tsakar gida tana shan iska, ga zafin bazara, ga wari ya cika ko'ina, sai amai ya kama ta. Cikin bai wuce wata biyu ba, kuma shi ne na fari. Ka san halinmu. Cikin fari ba a zancensa. Yarinya ba ta faɗi, miji ba ya tambaya, manya su gani su kau da kai, sai ranar da ya fito ya faɗi kansa.

Uwar mijinta ta gane. Ta aje mata gwangwani da toka a bayan ƙofa don tofar da yawu, ta ce, "Laulayi na, kowace mace ta yi shi ta wuce." Ba mugunta ba ce. Ita ta haifi tara, ba ta taɓa kwanciya ba, to da me za ta auna? Sai ta dama kunu ta cika kwano, ta tsaya a kan yarinya sai ta shanye don ta yi ƙarfi. Kafin a ɗauke kwanon ya dawo. A kawo fura ta dawo. A kawo jiƙon tsamiya ya dawo. Mijin ya je kemis ya ce iyalinsa na amai. Mai kemis ya tambaye shi ko tana da juna biyu, a gaban mutane, a gaban abokan babansa. Ya sunkuyar da kai ya ce bai sani ba. Aka ƙulla masa maganin zazzaɓi da na gyambon ciki ya kawo gida.

Fiye da mako biyu ana haka. Ranar da ta yanke jiki ta faɗi da hantsi, tsakanin ɗakinta da banɗaki, aka sa ta a keke mai ƙafa uku zuwa ƙaramin asibitin da ke kusa da su. Ba zan faɗi sunansa ba, don ba shi kaɗai ke haka ba. Abin da aka fara tambaya shi ne katin awo. Babu. Ma'aikaciyar ta yi ta faɗa, wai ba a gaya musu ba a wurin awo cewa irin wannan amai ba a zama da shi? Ta sa mata ruwa leda ɗaya ta ce a wuce da ita Sakkwato.

A can na same ta. Wuyan hannunta kamar karan dawa, idanu sun faɗa, leɓe ya tsattsage. Kwana tara ta yi ana ƙara mata ruwa. Likita ya ce ƙodarta ta fara gajiya. A kwana na uku cikin ya zube. Ban ce amai kaɗai ya zubar da shi ba, likitan ma bai ce haka ba, Allah ne masani. Amma ya ce da tun kwana na biyu aka kawo ta da ba ta kai wannan hali ba, kuma akwai maganin tsayar da amai da ake ba mai ciki ba tare da ya taɓa abin da ke cikinta ba. Ya ƙara da cewa wadda ta taɓa yin irinsa ta sa ido, yana iya dawowa a ciki na gaba. Wannan magana a bakin gadon asibitin birni muka fara jin ta, bayan an gama asara.

Na biyu, ina so ka san cewa ba haka muka taso muka tarar ba.

Lokacin da aka tura ni koyarwa wani ƙauye a ƙasar Shagari ina sabon ango, asibitin garin ɗaki biyu ne na ƙasa da rufin kwano. Kabad ɗaya, benci ɗaya, da tukunyar da ake dafa allura. Amma akwai Malama Kulu, ungozomar da gwamnati ta horar. Gajeruwa ce, baƙa, da takalmin roba da baƙar lema da ɗan akwatin ƙarfe. Ba a yin biki a ƙauyukan nan ba ta je ba. Mutane na cewa son tuwon biki gare ta. Ba tuwo ke kai ta ba, amare take ƙirgawa a kanta. Bayan wata biyu ko uku sai ka ji sallamarta da hantsi, wai rana ta dake ta, ta biyo shan ruwa.

Ba ta duban amarya. Bayan ƙofa take leƙawa ko akwai gwangwanin toka. Ta dubi madafa ta ga wa ke suya, amarya ko wata aka roƙa. In ta ga abin da take nema, sai ta baje a tabarma tare da uwar miji, ta juya wa ɗakin amarya baya, ta ɗaga murya ta soma labarin wata yarinya can wajen Dingyadi. Babu wata yarinya a Dingyadi. Duk gidan da ta shiga wannan yarinya take kawowa, shekara da shekaru, ba ta tsufa, ba ta haihuwa.

A gidana ma ta yi shi, ina zaure ina gyaran littattafan yara, ina jin komai. Ita da mahaifiyata ne a tsakar gida, marigayiya matata tana ɗaki kwance. Har yau ina iya maimaita shi kamar karatun allo. Wai ita yarinyar Dingyadi in ta farka ba ta zabura ta miƙe, sai ta ɗan tauni busasshen abu tukuna, ko ƙanzo ko gasasshen rogo, ta jira cikinta ya natsu. Wai ba ta cika ciki, loma biyu uku ta aje, in an jima ta ƙara, haka har yamma, kuma ba ta bari yunwa ta kama ta sosai. Ruwa ba da moɗa take sha ba, da cokali, kurɓi ɗaya ta huta. Wai ta bar maiƙo da yaji, an ɗauke mata girki, ɗan ruwan citta da lemun tsami na taimakonta. Daga nan sai Malama Kulu ta ƙara ɗaga murya. Ta ce amma fa in aka yi yini da kwana ruwa bai zauna ba, ko fitsari ya ragu ya yi ja kamar shayi, ko ta miƙe ta ga duhu, ko aka ga jini a cikin aman, to wannan ya wuce a ce a yi haƙuri, a kawo mata ita ko wace rana ce.

Mahaifiyata ta ce, "Allah sarki, ɗiyar mutane." Malama Kulu ta ce, "Wallahi kuwa, Inna." Kowa ya san da wa ake. Ba a ambaci ciki ba, ba a kunyata kowa ba, saƙo kuma ya shiga ɗaki.

Da za ta fita ta tsaya a kaina a zaure, ta shaƙi iska ta yamutsa fuska. Ta ce, "Malam, wanga turaren naka ko jaki ya shaƙe shi sai ya amayar da dusa. Ka aje shi sai bayan suna." Ni da nake ganin ba wanda ya kai ni wayewa a garin, da gilashina da alƙalami uku a aljihu, na rasa inda zan sa kaina. Amma na aje turaren.

Bayan kamar mako guda matata ta aiko ƙanwata Dije ta ce a gaya wa Inna abin yarinyar Dingyadi ya same ta. Iyakar abin da ta faɗa ke nan, kuma ya isa. Na ɗora matar tawa a keke na tura da hannu har asibiti. Aka rataya kwalbar ruwa a ƙusa jikin bango. Kwana biyu ta tashi zaune ta nemi koko. Wannan cikin shi ne ɗiyar tawa da nake ba ka labari. Ka ga ke nan a ɗakin ƙasa aka tsirar da ita tun ba ta zo duniya ba, a zamanin tayil da hasken sola kuma ta kusa tafiya.

Ba na cewa komai na da ya fi na yanzu. Na ga matan da suka mutu a kan amalanke kafin a kai bakin titi. Na san darajar kwalta da waya. Amma a da ilimi shi ke taka ƙafa ya je ya sami mutane. Duba-gari mai binciken tsafta ya shigo ya buɗe randa. Motar majigi ta zo dandali, tsoho da yaro su ga yadda ƙuda ke kawo ciwo. Malama Kulu ta bi rana da lemarta. Yanzu ilimi ya samu kujera da fanka, yana jiran a zo a gaishe shi.

Na uku, a nan kuskurenku yake, kuma da idona na gan shi.

Bayan an sallamo ɗiyata, maganar ma'aikaciyar nan ta tsaya mani a rai, da ta ce ana faɗa a wurin awo. Sai na je ranar awo na zauna ƙarƙashin dogonyaro kusa da taga, kamar mai jiran wani. Gaskiya zan faɗa, yarinyar da ta yi jawabi ta iya. Da Hausa ta yi, ba ta bar komai ba, kusan abin da Malama Kulu ke faɗi ne, har ta ƙara da cewa wadda ƙwayar ƙarin jini ke tayar wa zuciya ta zo ta faɗi, kada ta jefar a ɓoye. Sai na leƙa na dubi masu saurare. Benci huɗu cike da mata, kowace ciki ya yi gaba, wata shida, wata bakwai, wata ma kamar yau za ta haihu. Suna ta ɓarar gyaɗa suna dariya. Laulayinsu ya wuce tun tuni. Ana koya musu yadda za su tsallake ramin da suka baro a baya.

Wadda ake nufi da wannan jawabi ba ta wurin. Tana gida, wata biyu, kwance a bayan labule, ba ta gaya wa kowa ba. Ba za ta zo awo ba, don a wajenmu zuwa awo shela ce, duk wanda ya gan ki a bencin nan ranar Alhamis ya san halin da ake ciki. Ba a zuwa sai ciki ya fito. Wannan ko yaron da ke tura baro a kasuwar Bodinga ya san shi. Ya aka yi ofis guda cike da masu digiri bai sani ba? Ko kun sani, amma takardar da ake cikewa ba ta da gurbin rubuta shi?

A bango na ga wata babbar takarda mai hoton mace riƙe da ciki, da rubutu da Turanci. Ni na karanta. Ina jin ni kaɗai ne na karanta ta a ranar, ni kuwa ba ni da ciki.

Ba na ganin laifin ma'aikaciyar. Ita kaɗai ce a kan wannan taro, ita ce awo, ita ce allura, ita ce rubutu. Ba wanda ya aike ta cikin gari, ba a ba ta abin hawa ba, ba a ce mata shiga gidaje aikinta ba ne. Ku da kuke zuwa taron bita a otal ku dawo da jaka da hula, ku ya kamata ku tsara mata.

Na huɗu, nawa laifin, don kada a ce tsoho ya ga na kowa bai ga nasa ba.

A cikin makon nan biyu da ɗiyata ke amai na je gidan. An ce mani ba ta jin daɗi. Na zauna a zaure da surukina, ina jin kakarin amanta ta bayan katanga. Na gane. Duk abin da Malama Kulu ta faɗa yana kaina, babu wanda ya zube. Uwar yarinyar ta rasu, babu mai faɗa mata sai ni. Amma ɗiyar fari ce. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa zama na yi hira da ita ido da ido ba, haka aka raine mu. Ta ina uba zai fara zancen fitsarin ɗiyarsa a gidan surukai? Na ce ya mai jiki, aka ce da sauƙi, na ce Allah shi ƙara sauƙi, na hau kekena. Shekara talatin ina koya wa 'ya'yan mutane darasin kiwon lafiya, ranar da aka zo kan tawa sai na yi gaisuwa na tafi. Wannan ba ofishinka zai ɗauke mani shi ba, da shi zan kwanta.

Amma ka lura. Kunyar nan tana nan tun zamanin Malama Kulu, har ta fi ta yanzu ƙarfi. Ba ta yi faɗa da ita ba, ba ta kira mu jahilai ba. Ta san inda ake bi a zagaye ta. Mu mun riƙe kunyar, ku kuma kun bar masu zagayen sun ƙare ba ku maye gurbinsu ba. A tsakanin nan 'ya'yanmu ke faɗawa.

Saboda haka ga abin da nake roƙo.

Ɗaya, a fitar da wannan jawabi daga ranar awo, a kai shi inda mata suke tun kafin su samu ciki. Akwai gidan biki, akwai gidan suna, akwai Islamiyyar matan aure kusan kowace unguwa. A yi wa uwayen miji magana musamman, don su ke da ikon cewa a tafi asibiti ko a zauna. A yi musu da ladabi, ba da tsawa ba.

Biyu, maza ma a gaya musu. A roƙi limamai da masu unguwanni. Namijin da ya san cewa yini da kwana ba ruwa haɗari ne ba zai tsaya jiran sai ta faɗi ba.

Uku, a ja kunnen masu kemis. In saurayin ango ya zo neman maganin amai yana kallon ƙasa, ba sai ya amsa tambaya ba, a tura shi asibiti da iyalinsa.

Huɗu, a rubuta alamomin nan da Hausa, da boko da ajami, a faɗe su a rediyo da hantsi lokacin da mata ke aikin gida suna saurare. Kuma akwai sauran tsofaffin ungozomomi a ƙauyukan nan, 'yan kaɗan, idanunsu sun yi rauni amma hankalinsu na nan. A je a tambaye su yadda suke shiga gida kafin a neme su a rasa.

Na ƙarshe shi ya fi damuna. A ba da umarni a rubuce cewa mace mai amai ba a tambayarta kati, ba a duban girman cikinta, ba a ce ta dawo ranar awo, ba a kuma yi mata faɗa a gaban jama'a. Wadda aka kunyata sau ɗaya ba ta komawa, kuma sai ta hana ƙannenta.

Na san a garinmu za a gane ko wane ne ya rubuta wannan, za a ce tsufa ya sa Malam ya zubar da girma yana zancen cikin ɗiyarsa a bainar jama'a. Ban rubuta ba sai da na aiki Dije, wato goggonta, ta nemi yardarta da ta mijinta. Ɗiyar tawa ta ce, "Goggo, ki ce ma Baba shi rubuta. Wancan karon duk mun yi shiru, mun ga abin da muka samu." Ɗazu Dije ta dawo daga can. Ta ce tun safe abin da ya zauna a cikin yarinyar bai fi cokali uku na ruwa ba.

Gobe Talata, awo kuwa sai Alhamis. Da sassafe zan je Danchadi. Ba zan tsaya a zaure ba, zan yi sallama in shiga har ƙofar ɗakinta, in ce ta ɗauko mayafi. Ni da mijinta za mu kawo ta asibitin nan naku, ba kati, ba cikin da ido ke gani. Kafin takardar nan ta iso teburinka an riga an buɗe mana ko an mayar da mu. Ka aika a tambayo maka wanne aka yi. Amsar da za a kawo maka ita ce aikinka, ba abin da ke rubuce a rahoto ba.

Allah shi yi maka jagora, shi ba ka ikon sauke nauyin da ke wuyanka, shi tsare iyalinka daga ganin abin da muka gani. Allah shi jiƙan Malama Kulu da uwar ɗiyata, shi sauki duk masu juna biyu lafiya.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin makaranta,
daga wani ƙauye tsakanin Bodinga da Shagari.